Bangon Da Baba Ya Juya

Wani tsoho mai ɗaurin littafi yana da ɗan shago a ƙarƙashin bene, kullum cikin warin gam da tsohuwar takarda. Littafin da ya zube shi ake kai wa, ya ɗinke, ya matse, ya yi masa sabon bango. Ba ya karanta abin da yake ɗaurewa. Ya ce in ya tsaya karatu gam zai bushe.

'Ya'yansa biyu mata ne, duk sun yi aure, kuma ran Lahadi a gidansa ake cin abincin rana. Mijin babbar yana makarantar fastoci. Mijin ƙaramar kuwa ya koma ikilisiyar da ba ta yarda da Triniti, wato Allah ɗaya cikin uku, ba. Ana ajiye kwano sai su fara gardama.

"Elohim aka rubuta sunan Allah da Ibrananci, kuma jam'i ne, ƙanena," in ji mijin babbar. "Uba da Ɗa da Ruhu duk suna ciki."

Mijin ƙaramar ya ce, "An kuma rubuta Yahweh Ubangiji ɗaya ne, yaya. Ko ɓera ya cinye wannan shafin a naka?"

Da farko matan dariya suke yi. Daga baya kowacce ta bi bayan mijinta, har ƙaramar ta daina zuwa. Tsohon bai taɓa sa baki a gardamar ba, amma rabuwar 'ya'yansa ta tsaya masa a rai.

Don yawan bugun tebur, Attaurar Ibrananci ta mijin babbar ta ɓalle, ya kai ta shagon tsohon. Ranar karɓa sai ga mijin ƙaramar ya biyo gaisuwa. Aka buɗe littafi, rubutu ya fito kai a ƙasa. Tsohon bai san daga dama ake buɗe shi ba, ya ɗaure shi kamar na boko.

"Ya yi, ko?" in ji tsohon.

"Ya yi, Baba," suka ce, kowa idonsa a ƙasa don kunyar suruki. "Allah ya ƙara girma."

Suna shan kwana ya jiyo su suna ƙyaƙyata dariya tare, har ɗaya na tari. Nan ya gane ya yi ɓarna, kunya ta kama shi.

Lahadin da ta biyo baya ƙaramar ta zo da mijinta, wai sai ta ga aikin Baba da idonta. Ita da yayarta suka shige kicin da littafin, suka turo ƙofa suna dariya. Mazan suka ci gaba da gardamarsu, ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa. Tsohon ya riga ya yanka sabon bango don gyara, amma ba wanda ya nema, shi ma bai yi tayi ba.