Turancin da Ya Hana Geng Shouye Digiri

Geng Shouye ɗan wani ƙauye ne a tsaunukan Dingxi, inda ba a noman komai sai dankali, ruwan sha kuma na sama ake tarawa a rami a yi ta lallaɓawa har shekara ta zagayo. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Tsoho Geng, bai san ko baƙi ɗaya ba, amma ya lura yaron yana da kan lissafi, sai ya ƙwace fartanyar daga hannunsa ya ce makaranta ce gonarsa.

A sakandare Shouye ya fara haɗuwa da Turanci. Malamin da ke koyar da su, shi Rashanci ya karanta tun asali, da aka daina yayinsa sai aka miƙa masa littafin Turanci aka ce ya yi yadda zai yi. Bawan Allah kullum darasi ɗaya ne tsakaninsa da ɗalibansa. Yadda ya furta kalma haka Shouye ya haddace ta, ba shi da hanyar sanin ko daidai ce. Da aka yi jarrabawar shiga jami'a, makinsa na Turanci abin kunya ne, amma na lissafi da kimiyya suka ja shi ya haye. Ya samu gurbi a wata jami'a a Lanzhou, sashen aikin ruwa da madatsai. Ranar da zai tafi mahaifinsa ya yanka tunkiyarsa guda ɗaya tak, ƙauyen duka ya ci.

Jami'ar tana da doka a wancan zamanin: duk wanda bai ci jarrabawar Turanci ta ƙasa ba, wadda ɗalibai ke kira Mataki na Huɗu, ba za a ba shi digiri ba, ko da shi ne na ɗaya a fanninsa. Shouye ya ji dokar a makon farko bai damu ba. Shekara huɗu gaba gare shi, kuma bai taɓa sa abu a gaba ya gagare shi ba.

Mai koyar da su karatu da rubutun Turanci ita ce Malama Duan, wata 'yar siririyar dattijuwa mai furfura, kullum da kwalbar shayinta a hannu. A darasi na biyu ta nuna shi ta ce ya tashi ya karanta. Ya miƙe ya ɗaga murya kamar yadda aka koya masa. Bai kai ƙarshen layi ba ajin ya fashe da dariya, har 'yan matan gaba na kifa kai a tebur.

Malama Duan ta buga tebur. “Me ake wa dariya? Ku da kuka tashi da rediyo a gidajenku, me kuka iya?” Sannan ta juyo gare shi. “Zauna, Geng. A wajen wa ka koyi wannan?”

“A wajen malaminmu, Malama.”

“To, za mu sake daga farko.”

Abokin ɗakinsa, Bi Haitao, ɗan birni ne, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi ya laƙaba masa suna Dankali, sunan kuma ya bi shi har ya gama. Ba mugu ba ne, bakinsa ne ba linzami.

“Dankali, yi mana Turancin nan mu ji. Wallahi in Bature ya ji ka zai ɗauka tari ne ya sarƙe ka.”

“Kai da ka iya, nawa ka ci a lissafi?”

“Ai shi ya sa Allah ya haɗa mu ɗaki ɗaya. Ka ba ni na lissafi, ni kuma in yi maka addu'a.”

Shouye ya tunkari Turanci yadda ya saba tunkarar gona. Da sassafe, kafin a buɗe ɗakin cin abinci, zai sauka bakin Rawayen Kogi da ƙamus a hannu yana hadda da ƙarfi, sanyi na tsaga masa leɓe. Ya haddace kalmomi fiye da kowa a ajin. Sai dai in aka ba shi shafi guda a ce ya karanta ya amsa tambayoyi, kowace kalma ya san ta, amma in suka haɗu sai su zama baƙi. Labaran duk na abin da bai taɓa gani ba ne: mutanen da ke kai karnukansu asibiti, tsofaffin da 'ya'yansu ke ajiyewa a gidan kula, masu zuwa bakin teku hutu. Yakan tsaya yana mamakin ko ya fahimta daidai, ya koma farko, kafin ya ankara lokaci ya ƙare. Rubutu kuwa, ya haddace wasu shiryayyun samfuran rubutu da ake sayarwa a bakin ƙofar jami'a, yana cusa kowane batu a cikinsu.

Wata rana Malama Duan ta tsayar da shi bayan darasi, takardarsa a hannunta, ta yi jawur da jan biro.

“Geng, wannan ba Turanci ba ne. Maganar ƙauyenku ce ka sa mata rigar Bature.”

“Malama, duk kalmomin suna cikin ƙamus.”

“Na sani. Ka ajiye ƙamus ɗin nan. Ga wannan, ƙaramin labari ne na yara, ka karanta ba tare da ka duba ko kalma ɗaya ba.”

Ya karɓa ya yi godiya. Ya buɗe a ɗaki, ya ga zanen zomo, Haitao ya leƙo ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Shouye ya tura littafin ƙarƙashin katifa ya koma wa ƙamus ɗinsa. A ganinsa abin da bai sa mutum gumi ba ba karatu ba ne.

Ya zauna jarrabawar ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kullum kaɗan ke rage masa, ɗan abin da amsa biyu ko uku za su cike. A sashensu kuwa shi ne gaba. Hukumar ruwa ta gundumarsu har ta aiko cewa tana jiransa, ya zo da digirinsa kawai a ba shi kujera. Mahaifinsa ya riga ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare.

Da shekarar ƙarshe ta zo, dama ɗaya ta rage. Haitao, wanda ya haye tun bara ta hanyar da shi kaɗai ya sani, ya same shi a ɗakin cin abinci ya zauna kusa da shi. Ya buɗe tafin hannunsa: wata 'yar na'ura ce kamar ƙwayar wake, da siririyar waya.

“A kunne ake sawa. Akwai mutum a waje, zai karanto maka amsoshin. Kai dai ka yi ta shafa baƙi a takarda.”

“Ɗauke abinka.”

“Dankali, kar ka yi wauta. Me ruwan madatsa da Turanci? Ruwan zai tambaye ka ne da Turanci kafin ya bi bututu? Ka tuna tsohonka.”

Shouye ya ci gaba da cin taliyarsa. Haitao ya ajiye abin kusa da kwanonsa ya tashi. Da ya gama ci, ya daɗe zaune, sannan ya sa hannu ya ɗauka.

Safiyar jarrabawar zafi ake yi, amma ya sa riga mai dogon hannu don ya ɓoye wayar. Yana shiga ya ga Malama Duan ce mai sa ido a ɗakin. Aka raba takardu. Wata murya ta fara raɗa a kunnensa, gumi na ɗiga a kan takarda. Bai cika layi biyu ba ya ji mutum tsaye a kansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sunkuyo kamar mai duba sunansa, ta shimfiɗa hannu a kan tebur.

“Ba ni.”

Ya zare ya sa mata. Ta dunƙule hannu ta zura a aljihu, ta ce a hankali, “Ci gaba da aikinka.” Ta wuce.

Da ta kai ƙara, da korarsa za a yi ranar nan, a liƙa sunansa a allon sanarwa. Ba ta kai ba. Amma shi ma bai ƙara ganin abin da ke gabansa ba, baƙaƙen sai yawo suke. A wannan karon ya faɗi warwas.

Ranar yaye ɗalibai an ba shi takardar shaidar cewa ya zauna shekara huɗu ya gama, ba digiri. Ya hangi Malama Duan a bakin zauren tana nufo shi, ya juya ya bi ta wata ƙofa. Ba su sake haɗuwa ba.

A gida Tsoho Geng ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ga jan hatimi, ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a bango. Shouye bai gaya masa cewa ba digirin ba ne. Ɗan mai unguwa ne, wanda ya yi karatu a gari, ya zo taya murna ya tsaya yana karantawa, ya ce, “Baba, ina ɗayar? Ai biyu ake bayarwa.” Tsohon ya dubi ɗansa. Shouye ya yi bayani, kansa a ƙasa.

“Turanci,” in ji tsohon. “Na waɗanne mutane ne?”

“Na Turawa, Baba.”

“Su ne za su ba ka aikin?”

“A'a.”

Tsohon ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Bai sauke takardar daga bango ba, bai kuma ƙara ta da zancen ba har ya mutu.

Hukumar ruwa ta ɗauki wani. Shouye ya bi 'yan kwangila, yana yi musu awo a wuraren da ake fasa dutse ana haƙa hanyar jirgi ta ƙarƙashin tsauni. Aikin injiniya yake yi, amma a takarda lebura ne, in kwangila ta ƙare a sallame shi ya nemi wata. Shekaru kaɗan bayan fitarsa jami'ar ta soke dokar. Haitao ne ya bugo masa waya ya gaya masa, yana cewa, “Ka ga rashin sa'a, Dankali!” Shouye ya rubuta ya tambaya ko za a duba na baya. Aka ce abin da ya wuce ya wuce.

Ya auri Shulan, mai sayar da taliya kusa da wani wurin aikinsu, mace mai haƙuri da dariya. Suka haifi 'ya ɗaya, Miao. Tun yarinyar ba ta iya riƙe tsinken cin abinci ba ya fara mata Turanci. Ya manna kalmomi a ƙofa, a tukunya, a jikin gado. In ya dawo hutu daga dutse, kafin ya cire takalmi zai ce ta kawo littafinta. In ta yi kuskure ba za ta ci abinci ba sai ta gyara.

“Baban Miao, taliyar za ta huce,” Shulan za ta ce. “Yarinya ce fa.”

“Ta huce. Ni ma yaro ne lokacin da aka bar ni.”

“Kai ba ka iya ba, ita kake so ta biya?”

Ranar da ta faɗi haka ya jefar da kwano ya fashe. Miao tana tsaye a lungu da littafi a ƙirji, ba ta yi kuka ba. Ta daina kuka a gabansa tun da wuri.

Yarinyar ta iya Turanci, iyawa ta gaske. Ta ci Mataki na Huɗu a zama ɗaya tun shekararta ta farko a jami'a. Uwarta ta gaya wa, shi kuma a bakin Shulan ya ji. Da ta gama ta nemi aiki a Shenzhen, can kudu, nesan da ba a zuwa sai da dalili. Takan kira uwarta ranar Lahadi. In Shulan ta miƙa masa wayar, gaisuwa ce da tambayar lafiya, sai ta ce aiki na jiranta.

Ƙurar dutse ta kama masa huhu kafin ya cika hamsin. Likita ya ce ba magani, sai dai a rage masa wahala. Ya daina aiki, ya koma zama bayan shagon Shulan yana ɓare tafarnuwa, yana numfashi kamar mai hawan tudu. Da jikin ya yi tsanani aka kwantar da shi, Miao ta zo. Ta zauna gefen gado tana fere masa tuffa, kanta a sunkuye.

“Aikin lafiya?” ya tambaya.

“Lafiya, Baba.”

“Kina magana da Turawan?”

“Na bar wannan ɓangaren. Ina sashen kaya yanzu.” Ta yanka tuffar ta miƙa masa. “Ba na son sa, Baba. Ban taɓa son sa ba.”

Ya karɓa ya riƙe. Ya so ya ce wani abu, tari ya taso masa, kafin ya lafa ma'aikaciyar jinya ta shigo canza masa ruwa, maganar ta tafi.

Ya rasu a farkon bazara. Suka kai shi ƙauye, inda yanzu tsofaffi kaɗan suka rage, da ƙyar aka samu masu ɗaukar gawa. Bayan an gama Miao ta roƙi uwarta ta bi ta kudu. Shulan ta ce zafin can ba zai karɓe ta ba, kuma tana da masu cin taliyarta da safe. Ta raka 'yarta tasha, ta dawo ta buɗe shago.