Shuɗin da Ya Mutu a Gida

Inna mai waina ta dire atamfar da na sayar mata a rumfata, a Babbar Kasuwar Kaduna, tun kafin 'yancin kai.

"Ɗan nan, shuɗin ya mutu a gida."

Na san dalili. Koɗaɗɗe ne, na jera shi jikin wata atamfa ruwan goro ranar da ta saya. Kalolin nan biyu in sun haɗu, kowanne sai ya haska ɗan'uwansa.

Na yi murmushin 'yan kasuwa. "Inna, ai kala sai da maƙwabci."

"Ashe ka sani."

Ba ta nemi in canja mata ba. Ni baƙo ne daga Katsina, duk garin ita kaɗai ke tambayata ko na karya. Daga ranar ta daina bi ta layinmu.

Ku fa, wayo ya taɓa raba ku da mutum?