Taraktar Baba Isaka a Kan Kwalta

Ko me zan manta a aikin nan, ban da ranar da muka gwada ƙarfin taraktar Baba Isaka. Watan Oktoba ne, kafin zuwan korona. Lokacin ni ne heluman masu gyaran fili a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Port Richmond. Ga wanda bai san tsarin ba, manaja ne a sama, sai heluma, sai ma'aikata. Mu ke yankan ciyawa, mu kwashe ganye, in sanyi ya zo mu ture ƙanƙara.

Baba Isaka mutumin Zangon Kumasi ne, ya girme mu duka, gwiwoyinsa kuma sun riga shi yin ritaya. Aikinsa tuƙa wata 'yar taraktar yankan ciyawa, wadda ita ma sai ta yi tari take tashi. Sai aka sayo sabon inji, irin wanda ake tuƙawa a tsaye. Kowa ya gane inda aka dosa: in aka yar da tsohuwar tarakta, Baba ba zai iya wuni a tsaye ba, aikinsa ya tafi ke nan.

Na je na roƙi manajanmu, Mista Toni, wani Bature da ba ya da abin sha'awa kamar gasar jan kaya da tarakta. Ya ce mini, "In tsohuwar taraktar ta ja kaya daga ƙofar shiga har zuwa kwandon shara, za ta zauna." Ya bayyana ƙa'idar. Ana ɗaura wa tarakta wani dandamali marar taya, mutane su jeru a gefen hanya, in ya iso gabanka ka hau. Nauyi na ƙaruwa har sai ta gaza.

Ni na haɗa dandamalin da wata tsohuwar ƙofar ƙarfe, na kafa masa madafa da ƙarfen gadon asibiti. Ban sami sarƙa ba, sai na haɗa shi da taraktar da bututun ƙarfe. Tun da taya na zamewa a kan kwalta, muka rataya buhunan gishirin narkar da ƙanƙara a bayanta.

Ranar Asabar tsofaffin gidan suka fito filin ajiye motoci a kekunansu, da barguna a cinya, kai ka ce ƙwallo za a buga. Baba ya murza makulli, tarakta ta ɗauki hanya, ƙofa na kuka a kan kwalta.

Na farko a layi Mamman ne, ɗan Maraɗi, mai kirana Shef, wato shugaba. Ya raɗa mini, "Shef, ni in hau in danne abincin dattijo? Wallahi ba da ni ba." Ya ɗora ƙafa ɗaya a dandamali, ya kama madafa, ɗaya ƙafar kuma tana ƙasa tana turi. Sai Bitrus, ɗan Jos, ƙato wanda shi kaɗai ya isa ya tsayar da ita. Ya dubi ƙafar Mamman, ya yi abin da ya gani. Ni ma da ta iso gabana ban tsaya shawara ba. Babu wanda ya shirya wannan da wani, amma sai ga tarakta tana ƙara gudu duk sanda aka ƙara mata kaya.

Muna tsakiyar fili injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ba ka jin komai sai karcin ƙarfe da hakinmu. Baba kuwa ko gezau, ya miƙe zaune, ya riƙe sitiyari, har da canza giya. Bitrus ya fara kukan inji da baki don rufin asiri. Tsofaffin suka ɗauka waƙa ce, suka kama masa.

Na ƙarshe a layi shi ne Mista Toni. Ya dubi salansar taraktar, babu hayaƙi. Ya dubi ƙafafunmu. Na ce a raina, shi ke nan, mun kashe wa Baba aiki, mun haɗa da namu. Sai ya kama madafa, ya ɗora ƙafa ɗaya, ya kafa ɗayar a ƙasa, ya yi ihu, "Ku ba ta wuta!" Ba mu tsaya ba sai da muka daki kwandon shara.

Yana haki ya ce mini, "Ta ci. Amma ka gyara ta kafin Litinin, bayana ba zai iya sau biyu ba."

Baba ya sauko a hankali, ya shafa kan taraktar. "Ban gaya muku ba? Tarakta nan yana da ƙarfi." Sannan ya juya mana baya, ya daɗe yana goge fuska da hularsa. Ni ma sai da na ji ƙwalla.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, za a koya muku mai da giya da kaifin wuƙar inji, kuma ku koya da kyau. Amma ku riƙa lura da wanda ke aiki a gefenku. Ran da injinsa ya mutu, kada ku tsaya tambayarsa ko yana son taimako. Ku sa ƙafa a ƙasa ku tura, ku bar masa sitiyarinsa.