Ɗanasabe Sarkin Famfo

Da toka da lemon tsami yake goge shi. Kullum bayan sallar asuba za ka tarar da Ɗanasabe a tsugune gaban famfon ƙauyenmu, yana dirzar ƙarfen har ya yi ƙyalli kamar haƙorin Makka. Mata masu tafiya rafi da jarkoki sukan ratsa ta gefensa.

"Sarkin Famfo, ya ruwa?"

"Yana hanya," in ji shi, ko kai ba ya ɗagawa.

Yana yaro aka taso su daga tsohon gari, lokacin da ruwan Tiga ya haɗiye shi da masallaci da kuka da kaburbura. Yakan ce tun da ruwa ya kore su kunyarsu yake ji, shi ya sa bai ƙara zuwa inda suke ba. Ya noma dawa, ya yi kamun kifi, ya yi acaɓa a Kafin Maiyaki har gwiwa ta ƙi. Sai aka haƙa mana rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki, aka ba shi gadi. Da gadin nan suke ci shi da matarsa Kande.

Rijiyar ba ta taɓa kawo ruwa ba, amma an buɗe ta. Gwamnati ta buɗe ta da kalangu. Wadda ta gaje ta ta sake fenti, ta sake buɗewa. Duk jajibirin biki Ɗanasabe zai wuni yana turo ruwa a kura daga rafi, ya hau tsani ya ɗura a tanki. Babban baƙo ya murɗa, ruwa ya zubo, a rangaɗa guɗa, mai hoto ya ɗauka. Kafin ƙurar motoci ta kwanta an kwashe ruwan.

"Gwamnati ba ta ƙarya," yakan ce. "Cewa ta yi za ku ga ruwa. Ba ku gani ba?"

Bana aka aiko za a sake buɗewa. Maza suka taru a zauren mai unguwa, kowa da zafinsa. Ɗayyabu tela ya miƙe.

"Kawu, kada ka zuba ko ɗigo. Bar babban baƙon ya murɗa iska a gaban hoto. Kunya ce kaɗai za ta gyara rijiyar nan."

Zaure ya ɗauka. Aka ambaci 'yanci, aka ambaci adalci, wani har ya yi Turanci.

"Na yarda," in ji Ɗanasabe. "Gadi zai tafi, Kande za ta cinye ni ɗanye, duk na ji. Amma in kansila ya ce wa ya sa ni, wa zai tsaya kusa da ni?"

Aka ji kukan akuya daga can bayan gari.

"Kawu, ka san ni nake ɗinka ankon bikin," in ji Ɗayyabu. "Ba zai yi tsari ba."

Yusif mai kura ya tuna ranar yana da kaya a Kwanar Dangora. Mai unguwa ya ƙura wa azarar rufi ido, ya ce sarauta ba ta shiga siyasa. Wani ya yi ƙasa da murya, ya ce an ce har da taki za a raba.

Sai muryar Inna, uwar mai unguwa, ta fito daga bayan katanga.

"Ɗanasabe! In za ka zuba ka cika shi. Wancan karon ko buta ban samu ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗanasabe ya dafa bango ya tashi, gwiwar ta yi ƙara.

"Yusif, tayar kurarka da iska?"

"Da iska, Kawu. Bari ma in taya ka turawa."

"A'a, yi zamanka. Maganar 'yanci kuke yi, kada in katse ku."

Ya zura takalmansa ya fita.