Binnen Kalilu

A Kurawa ba mai ɗaukar sungumi ya nufi gona sai an ga Kalilu ya ɗauki nasa. Shekara arba'in yana duban gabas, yana shinshina iska, ya ce ruwa na tafe, kuma ya zo. Ba malami ba ne, ba kuma mai yawan magana ba. Abin alfaharinsa biyu ne: hancinsa, da irin geron da ya gada wajen mahaifinsa, mai dogon kai, wanda bai taɓa bari ya gauraya da na kasuwa ba.

Shekarar da ta kayar da shi, ruwa ya yi jinkiri. Wata ranar Laraba da hantsi gabas ta yi ja, Kalilu ya ce a yi binne, a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ruwa ya tarar da shi.

Ƙanensa Labbo, mai kai kaya Maraɗi, ya tare shi da waya a hannu. Hoto ne da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama: wani dogon jan abu ya taso daga hamada, ya shimfiɗe kamar tabarma.

"Yaya, duba. Ƙura ce zalla. Babu girgije bayanta."

"Shi na sama yana jin ƙamshin ruwa?" in ji Kalilu. "Za ni gona."

Ya tafi kuwa, gida bakwai suka bi shi. Taurin kai dai gadon gidan su Kalilu ne.

Bayan la'asar ƙurar ta iso. Gari ya yi duhu, awaki suka shige ɗaki da kansu. Wajen awa uku tana zuba, ko ɗigo bai sauka ba. Washegari wasu ramukan rairayi ya danne su kamu guda, wasu iska ta tone, zabi da kurciyoyi suna ta biki. Kalilu ya tsaya a bakin gona, kunya ta hana shi ɗaga kai. Irinsa ya tafi, na mutane ma ya tafi a kan maganarsa.

Da ya koma gida, matarsa Larai ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado. Tiya biyu ce ta irin, cikin toka. Ashe duk shekara tana ragewa ba ta faɗa masa, don ita ba ta taɓa yarda da hancin kowa ba.

Bai shuka ko ƙwaya ba. Ya kasa shi kashi bakwai, ya bi gida-gida ya miƙa. Gonarsa a shekarar geron kasuwa ta sha.

Har yau ana jiran sunguminsa. Sai dai kafin ya ɗauka, yakan biya ta ƙofar Labbo ya tambayi abin da na sama ya gani. Irin mahaifinsa kuwa yana nan ya cika Kurawa. Da ya tashi maido shi gonarsa, sallama ya yi a ƙofar maƙwabci, ya roƙa.