An Bar Ƙarar Lorraine a Tsohon Kamfani

A garinmu na jihar Ohio, in ba ka aiki a kamfanin motoci, to burodi kake sayar wa ma'aikatansa, ko kana yi musu aski. Lorraine Kaczmarek a cikin wannan ta tashi. Ubanta a kamfanin ya tsufa, mijinta Walter can yake ɗaura ƙofofin mota, ɗansu tilo Dennis yana gama sakandare ya bi sahu. Ita kuwa tana dafa wa yaran firamare abinci. Mace ce mai baki, ba ta iya raɗa ba ko a coci.

Walter ya mutu a cikin motar da kamfaninsu ya ƙera. Da rana tsaka, a miƙaƙƙiyar hanya, motar ta bar titi ta daki bishiya, ba ko alamar taka birki. A satin ne aka gaya masa za a sallame shi daga aiki. Shi ke nan gari ya yanke hukunci: da gangan ya yi. Ba mai faɗa a gabanta, amma in ta shiga kanti sai hira ta mutu.

Lorraine ta ce ƙarya ne. Mutumin da ya shuka tumatir da safe, ya ce ta ajiye masa miyar kabeji, shi ne zai kashe kansa? Wani makanike ya kwance gaban motar ya ce sitiyari ne ya ƙage. Ta ɗauki lauya ta kai ƙara. Kamfani ya aiko da tayin kuɗi, da sharaɗin ta yi shiru.

"Su riƙe tsiyarsu," ta ce wa lauyan. "Ni so nake a tsaya gaban alƙali a faɗa da ƙarfi cewa mota ce ta kashe shi."

Shekaru aka yi ana jan ƙafa. An sa ranar shari'a ke nan sai kamfanin ya karye. Aka rufe masana'anta, Dennis ya dawo gida yana kwana a kujera. Gwamnati ta zuba kuɗi, aka kai magana gaban wani alƙali a New York. Dabarar kuwa ita ce a raba kamfanin biyu: sabo ya kwashe injina da ma'aikata da suna, tsoho a bar masa rufaffun gine-gine da duk wanda ke binsa wani abu.

"To ni ina na faɗa?" ta tambayi lauyan a waya.

"A tsohon, Madam. A idon doka ke mai bin bashi ce, kamar masu kawo musu tayoyi."

"Bashi? Wa ya ce maka rance na ba su? Miji na ba su!"

Ta hau bas ita kaɗai ta tafi New York don ta ce ba ta yarda ba. Ko mutum ɗaya bai raka ta tasha ba. Maƙwabciyarta ma cewa ta yi, "Haba Lorraine, gari guda zai kwana da yunwa saboda ke?" Wannan maganar ta ci mata rai ƙwarai, don ta san akwai gaskiya a ciki.

Alƙalin ba mugu ba ne, abin haushin ke nan. Ya cire tabarau ya saurare ta har ta gama, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce in rabon kamfanin bai tabbata ba dubban gidaje za su rasa abinci. Ya sa hannu. Ƙararta ta bi tsohon kamfani, inda ba wanda zai kira makanike ya ba da shaida, sai dai wata rana a aiko mata da 'yan daloli.

Ta dawo ta tarar gari na murna. Ran Lahadi Fada, limamin cocinsu, ya yi wa alƙalin addu'a, coci ya amsa da amin har rufi. Lorraine ta zauna a bencin baya, kaɗaici ya danne ta fiye da ranar jana'iza.

Sabon kamfani ya kira Dennis ya koma aiki. Ta yi masa farin ciki da gaske, ta tashi da sassafe ta soya masa ƙwai da tsiren alade, ta naɗe masa na rana. Ya sa takalmi, ya ɗauki makulli, sai ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"Mama, tunda magana ta wuce, ba lauya ba kowa. Tsakaninki da Allah, Baba da gangan ya yi?"

Ta buɗe baki. Amsar tana nan, irin wadda ta sha ba kowa, amma ta ga yaron ya daɗe da jin ta, kuma ba ta ishe shi ba.

"Tafi, za ka makara," ta ce.