Kashin Barewa a Gindin Lemo

Shekarar da ɓarayin daji suka kore shanun ƙauyenmu, can yamma da Faskari, na ɗauko mahaifina na dawo da shi gidan da nake haya a Ƙanƙara. Tsakar gidan duk siminti ne, sai wani ɗan lungu kusa da makewayi. Kwana uku da zuwansa ya fasa wurin da fartanya, ya dasa lemun tsami. Mutumin da sai ka ƙwala kira kafin na ƙarshen gonarsa ya ji ka, shi ne ya koma ban ruwa da buta.

Lemon ya ƙi, ganyensa ya yi rawaya. Na sayo takin zamani, Baba ya dube shi ya ce ƙona saiwa zai yi. Kashin awaki kuwa ya yi wuya, don mai akuya ko an sace ta ko ya sayar.

Wata ranar kasuwa ya gamu da wani tsohon maharbin ƙauyenmu, ya gaya masa tun da mutane suka watse, bareyi sun dawo suna kwana har cikin gonaki. Washegari na nemi Baba na rasa. Sai da la'asar ɗan acaba ya sauke shi da rabin buhun kashin barewa, ƙanana baƙaƙe, ba su kai na akuya ba. Daga gonarsa ya tsinto su.

Na yi masa faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Na ce a kan kashi zai kai wa masu bindiga kansa? In suka riƙe shi, me zan ce wa ƙannena? Ya bar ni na gama, yana jiƙa kashin a tsohon bokiti.

"Kai ba ka gane ba," ya ce. "Barewa ba ta kwana inda mutum ke takawa. Muddin ina iske kashinta ɗanye, babu wanda ya shiga gonar ga. Tawa ce har yanzu."

Lemon ya farfaɗo, ya yi kore shar, ni kuwa na tsane shi. Duk sati biyu Baba sai ya tafi. Na ja wa 'yan acaban unguwa kunne, sai ya riƙa takawa zuwa bakin tasha ya hau na can. Ranar da duk ya fita ba na iya cin abinci, ina ta roƙon Allah Ya kawo abin da zai hana shi komawa.

Da ruwan farko ya sauka, ya dawo tun kafin azahar, buhun a naɗe a hammata. Ya ce an yi wa gonar huɗa. Mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne aka tilasta, suna noma wa ɓarayin, ga mai bindiga zaune a gindin ɗorawar da Baba ya dasa da hannunsa. Ɗaya daga cikin manoman, wanda Baba ya halarci sunansa, ya matso ya gaishe shi a tsorace.

"Mi ya ce maka, Baba?"

"Cewa ya yi, Baba, mi kake nema a gonar mutane?"

Bai sake fita ba. Addu'ata ce ta karɓu, kuma ban taɓa iya yin godiya a kanta ba.